La Yorona a ƙarƙashin zanin Hanifa: in mayar mata da littafin ko in ɓoye?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da wata damuwa da nake so iyaye da malaman cikinmu su taya ni dubawa. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya zo hutu, ya kawo wa Hanifa tsarabar littattafan Turanci guda huɗu. Shekararta goma sha ɗaya, kuma mayyar karatu ce, ko takardar ƙosai ta gani sai ta karanta. Uku daga ciki ban ga wani abu ba. Na huɗun ne ya hana ni barci.

Jiya wajen sha ɗayan dare, an ɗauke wuta, na leƙa ɗakinsu sai na hango haske a ƙarƙashin zani. Na yaye, ga Hanifa da 'yar tocila a haƙori tana karatu, ƙanwarta mai shekara shida ta ƙanƙame mata hannu. A bangon littafin wata mace ce da fararen kaya tsaye a bakin kogi, gashi ya rufe mata fuska. Labarin wata yarinya ce 'yar asalin Meziko, kakarta mai magani ce, kuma ashe baiwar tana bin jinin gidan ne daga kaka zuwa jika. Ga kuma wata fatalwa da suke rubuta sunanta La Llorona, mai yawo a bakin ruwa tana neman yara.

Na zauna na karanta babi uku da kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, rubutun ya tsaru, ni ma sai da na so in ji ƙarshe. Amma abu biyu ne suka tsaya mini a rai: tsoron da ke ciki, da kuma yadda aka nuna tsafe-tsafen kakar a matsayin abin alfaharin gida. Na ɗora shi saman durowa. Da safe ta sha kuka, wai saura mata babi biyar. Me kuka gani?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ki bar shi a saman durowar nan. Littattafai ba su ƙare a duniya ba da za a ce sai wanda aka gina kan boka da fatalwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kukan yau ya fi na gobe sauƙi.

Malamar Firamare:
Kafin in ce komai, Maman Hanifa, ta firgita cikin barci? Ta ƙi fita tsakar gida ita kaɗai? Ko dai ƙaramar ce ta tsorata?

Maman Hanifa:
Malama, Hanifa kam barcinta ta yi har da minshari. Ƙaramar ce ta dawo gadona cikin dare, kuma da asuba ta ƙi zuwa bakin rijiya ɗauko buta.

Malamar Firamare:
To kin ga matsala biyu ce daban kika haɗa wuri guda. Irin waɗannan littattafan ana rubuta su ne don 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Mai shekara shida ba sa'arsu ba ce, ita ba ta gama raba labari da gaskiya ba. Laifin Hanifa ɗaya ne, karanta wa ƙanwarta a cikin duhu. Maganar aƙida kuma na bar wa waɗanda suka fi ni sani.

Anti Nas:
Sannunku. Ni shekarata goma sha uku ina aikin jinya a birnin Houston na Amurka, kuma rabin maƙwabtana 'yan Meziko ne, bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Da farko, La Yorona ake furtawa, ma'anarsa mai kuka. Labarin yana da fuskoki da yawa, amma gangar jikinsa ɗaya ce: mace ce da mijinta ya wulaƙanta ta, baƙin ciki ya rufe mata ido ta jefa 'ya'yanta a kogi, da hankalinta ya dawo ta bi su. Tun daga nan take yawo a gaɓar ruwa da dare tana kururuwa da Sifaniyanci, "Ay, mis hijos", wato "wayyo 'ya'yana". Duk yaron da ta gani a bakin ruwa sai ta ɗauka nata ne.

A bayan gidajenmu akwai wata babbar kwata ta siminti, in an yi ruwan sama tana cika har ta ja mota. Wata rana maƙwabciyata ta gayyace mu cin abinci. Magariba ta gabato, yara sun tsallaka shinge sun nufi kwatar da ƙwallo. Uwarsu ta kira har sau uku, ko waiwaye. Sai kakar, wata 'yar tsohuwa da ke zaune tana murza ƙullun masara a tafin hannu, ta ɗaga kai ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce musu lokacin La Yorona ya yi. Wallahi har ɗana da bai san ko wace ce ba, a guje ya dawo. Da na tambaye ta, ta ce a ƙauyensu haka uwarta ta raba su da kogi, kuma duk gidansu ba wanda ruwa ya ci.

Nan take na tuna Innarmu da take ce mana akwai 'yan ruwa a kududdufin bayan gari.

Ɗan Damagaram:
Anti, ashe Dodonsu ce kenan.

Anti Nas:
Dodonsu daban yake, shi El Kukuy suke ce masa, mai ɗauke yaron da ya ƙi barci. Ba wanda zai iya gaya maka kamanninsa, kamar dai namu. Ita La Yorona ta fi shi nauyi domin ana jin tsoronta ana kuma jin tausayinta.

Ɗalibin Tarihi:
Bari in ƙara a kan maganar Anti, domin wannan labarin ya tsufa fiye da yadda ake zato. Turawan Sifaniya ƙarƙashin Hernan Kortes sun sauka Meziko a 1519, babban birnin daular Aztek ta 'yan asalin ƙasar, Tenochtitlan, ya faɗi a 1521. Bayan haka wani limamin coci mai suna Bernardino de Sahagun ya shafe shekaru yana tattara bayanan dattawan ƙasar da harshensu na Nahuwatal. A cikin abin da suka gaya masa akwai alamomi takwas da suka ce an gani kafin zuwan baƙin, ɗaya daga ciki muryar wata mace ce da ake ji da dare tana kuka, tana tambayar ina za ta kai 'ya'yanta. Masana da yawa suna danganta wannan murya da wata abar bautarsu, Siwakowatal, kuma suna ganin can ne ɗaya daga cikin saiwoyin La Yorona. Wasu kuma suna nuna cewa Turai ma tana da labaran matan da suka kashe 'ya'yansu, don haka mai yiwuwa gauraye ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, al'ummar da yaƙi da cutar agana suka kusa ƙarar da ita, sai ga shi babbar fatalwarta uwa ce mai kukan 'ya'ya. Idan marubucin Meziko ya sa ta a littafin yara, ba abin tsoro kawai ya ɗauko ba, tarihin gidansu ne yake miƙa wa na baya.

Baban Khalifa:
Na gode da tarihin, kuma ka ƙara mini hujja ne. Ka ce da bakinka tushenta abar bauta ce. Ni ku fahimce ni, tsoro bai dame ni ba, mu ma da Dodo aka rene mu. Abin da ya dame ni shi ne abin da Maman Hanifa ta faɗa na biyu. A tatsuniyarmu maye mugu ne, ƙarshensa kunya. A nan kuwa an ɗauki yarinya sa'ar Hanifa, an ce mata sihiri gadonki ne, ki rungume shi, da shi za ki ceci gidanku. Yarinyar da ta karanta wannan da sha'awa, wa take so ta zama? Aya ta 102 a Suratul Baƙara ba ta bar mana wurin wasa ba a kan koyon sihiri. Sannan na ji a littattafan nan matattu suna dawowa gida su gaisa da iyali, alhali Suratul Mu'minun ta gaya mana akwai shamaki a bayansu har ranar da za a tashe su. Ba ƙin al'adar kowa nake yi ba. Amana ce aka ba ni, ni za a tambaya.

Maman Hanifa:
Baban Khalifa, wannan ɗin shi ne ainihin abin da ke cina. Ban iya faɗarsa kamar yadda ka faɗa ba.

Anti Nas:
Yaya, maganarka tana da nauyi kuma ba zan raina ta ba. Amma akwai bambancin da su kansu 'yan Meziko suke yi wanda ya kamata mu sani kafin mu yanke hukunci. Suna da buruha, wato mayya ko matsafiya mai cutarwa, suna kuma da kurandera, mai warkarwa. Kurandera ta fi kama da haɗin ungozoma da mai saiwoyi da mai tofi. Yawancinsu 'yan Katolika ne masu riƙo, da addu'ar cocinsu suke fara aiki. In ka kira ta buruha ka zage ta.

Ina ganin waɗanda suka bi ta hannunsu kafin su iso asibiti. Akwai abin da suke kira limpiya: a ɗauki ɗanyen ƙwai a shafe jikin yaro da shi tun daga ka har tafin ƙafa ana addu'a, sai a fasa a kofin ruwa a duba. Akwai mal de oho, kambun ido kenan, har jarirai ake ɗaura wa jan zare da wani ƙwallon itace a wuyan hannu saboda shi. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne susto. Sun yarda cewa in mutum ya yi mummunar razana, wani sashe na ransa yana barin jikinsa, sai ya daina ci, ya rame, barci ya gagare shi, har sai an je an kira ran da sunansa ya dawo. Ranar da wata uwa ta yi mini wannan bayanin, na ce a raina wannan ai zancen kurwa ne.

Ba wai na wanke su ba ne. Akwai wasu garin magani biyu, asarkon da gireta, da ake ba yara don cushewar ciki, kuma cike suke da dalma, mun sha ganin yaran da suka yi wa illa. Ina dai so a gane cewa kakar da ke cikin littafin Hanifa, a idon mai rubutun, ba bokanya ba ce. Tsohuwar gida ce da ta san ganye.

Baban Khalifa:
Anti, ganye ban da ja a kansa. Duban ƙwai a kofi don a san abin da ke ɓoye, wannan sunansa duba, ko da wane harshe aka faɗe shi.

Anti Nas:
Na yarda da wannan.

Abu Sadik:
Duk wannan dogon zance, ba dai bikin Halowin ɗin nan ba ne na Turawa da suke shigar aljanu? Yanzu har wasu makarantun kuɗi sun fara kwaso mana shi.

Injiniya:
A'a, Abu Sadik, ranakun ne suka yi kusa amma ba abu ɗaya ba ne. Aiki ya taɓa kai ni Meziko daidai lokacin, na kwana huɗu a Wahaka da ke kudancin ƙasar. Bikin sunansa Ranar Matattu, ana yinsa 1 da 2 ga Nuwamba, ranar farko ta yaran da suka rasu, ta biyu ta manya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2008.

Direban da yake ɗaukarmu ya kai ni gidansu. A falo sun haɗa tebur hawa-hawa, an jera hotunan mamatansu, ga kyandir, ga kofin ruwa, ga gishiri, ga wani burodi mai zaƙi na musamman, ga turaren ƙaro da suke kira kopal yana hayaƙi. Tun daga ƙofar gida har gaban teburin an zuba wani fure mai launin ruwan ɗorawa, wai hanya ce don kada baƙin su ɓata. A gaban hoton mahaifinsa akwai kwanon abincin da ya fi so da tsohuwar hularsa. A can gefe na ga 'yar motar wasa ta roba da alewa gaban hoton wani yaro. Ban tambaya ba. Matar gidan ta ga ina kallo, ta dafa ƙirjinta ta ɗaga yatsu huɗu.

Ni ban yarda matattu suna zuwa cin abinci ba, kuma da aka ce in ɗora wani abu a teburin na ba su haƙuri, suka karɓa da mutunci. Amma ban ga wanda yake neman tsorata wani ba a gidan nan. Yara suna zaune ana gaya musu wannan kakan kakanku ne, manomi ne, ga abin da ya taɓa yi. Yaro ɗan shekara bakwai ya lissafa mini sunaye har hawa huɗu. Na dawo masauki ina tambayar kaina ko 'ya'yana sun san sunan kakata.

Marubuciya:
Injiniya ya taɓo inda nake so in shiga. Ni ina rubuta wa yara labarai, kuma na karanta irin waɗannan littattafan da dama don in ga yadda suke ɗinkinsu. Abin da na lura shi ne, sihirin da ke ciki kusan kullum riga ce aka sa wa wani abu daban. Yawancin marubutan jikokin waɗanda suka yi ƙaura ne zuwa Amurka. Yarinyar labarin takan kasance ba ta iya Sifaniyanci sosai ba, tana jin kunyar kakarta a gaban ƙawaye, tana ganin shayin ganyenta da camfe-camfenta ƙauyanci ne. Sai masifa ta zo wadda ba ta jin maganin zamani, dole ta koma ta durƙusa gaban tsohuwar ta koyi abin da ta raina. Baiwar da ake cewa tana bin jini, in ka tona, harshe ne da girki da sunayen kakanni. Shi ya sa sau da yawa za ka ga ƙarfin yana fitowa ne daga madafi ko daga lambun bayan gida, ba daga wata makarantar matsafa ba.

Kuma ba kullum suke barin fatalwar a matsayin muguwa ba. Gloria Anzaldua, 'yar kudancin Tekzas, ta fitar da wani ƙaramin littafin yara a 1995, inda wata yarinya ta shiga daji neman ganyen ruda da mai magani ke buƙata don ta warkar da mahaifiyarta. Ta ɓata, dare ya yi, sai ga La Yorona. Maimakon ta ɗauke ta, ita ce ta nuna mata ganyen ta kuma raka ta har bakin shinge. Marubuciyar da gangan ta juya labarin, don yara su tambayi kansu ko duk matar da gari ya yi wa mummunan suna haka take.

Kayan aikinsu kuma suna da yawa. Akwai nawal, mutumin da ke rikiɗa ya zama dabba da dare. Akwai Lecusa, mayyar da ke zama ƙatuwar mujiya tana fito a bakin taga. A yankin Yukatan na Meziko, 'yan ƙabilar Maya suna da alush, wasu gajerun halittu masu gadin gonar masara, manomi har ɗan ɗaki yake gina musu. Akwai kare marar gashi da Aztek suka ce shi ke haye da ran mamaci kogi a hanyar lahirarsu mai matakai tara. Har malam-buɗe-littafin da ke tasowa daga Kanada da Amurka ya sauka dazukan jihar Michowakan ta Meziko a farkon Nuwamba, mutanen wurin suna cewa rayukan magabata ne suka iso.

Ku duba jerin nan ku gaya mini wanne ne ba mu da ɗan'uwansa. Mai rikiɗa kura, mujiya, aljanun tsamiya, 'yan ruwa. Abin da ke ci mini rai shi ne Hanifa ta san La Yorona, amma in na tambaye ta Daskin-da-riɗi mai yiwuwa ta yi shiru. Ba laifinta ba ne, ba mu rubuta mata ba. Tsakanin littafin koyon baƙaƙe da littafin soyayya, kantocinmu wayam suke.

Ɗan Damagaram:
Anti Marubuciya, a nan wajenmu ma haka ne, sai dai na Faransanci. Ƙanena sun san dodannin Turai kaf.

Ɗalibin Tarihi:
Na yarda da Anti Marubuciya, amma a yi hattara da abu ɗaya. Ba duk abin da aka sayar mana da sunan tsohuwar al'adar Meziko ne tsoho ba. Dabbobin nan masu launi-launi da fukafukai da ake kira alebrihe, waɗanda ake nunawa kamar jagororin rayuka tun zamanin Aztek, wani mai sana'ar takarda ne a birnin Meziko, Pedro Linares, ya fara yinsu bayan ya gan su a mafarkin zazzaɓi a 1936. Ƙwarangwal ɗin macen nan mai ƙatuwar hula, Katirina, zanen Jose Guadalupe Posada ne wanda ya rasu a 1913, kuma shaguɓe yake yi wa masu kwaikwayon Turawa. Babban jerin gwanon Ranar Matattu na birnin Meziko ma sai 2016 aka fara shi, bayan wani fim ɗin James Bond ya nuna irinsa alhali babu shi. Sannan a 2013 kamfanin Disney ya nemi mallakar sunan bikin a matsayin tambarin kasuwancinsa, sai da jama'a suka yi ca ya janye. Don haka in za a saya wa yaro irin littafin nan, a duba wa ya rubuta. Na wanda ya ji labarin a bakin kakarsa daban, na wanda ya hango kasuwa daban.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ina roƙon kada a ɗauki tsoron yara da wasa. Ɗana yana da shekara takwas ya kalli wani fim ɗin fatalwa a gidan maƙwabta. Wata uku yana fitsarin kwance, yaron da ya daina tun yana shekara uku. Ko banɗaki sai na tsaya masa a ƙofa ina magana yana jin muryata. Har yau in labule ya motsa sai ya dube ni. Ɗan'uwansa da suka kalla tare ko a jikinsa. Ciki ɗaya, rana ɗaya, amma zuciya ba ɗaya ba. Kowa ya san nasa.

Malamar Firamare:
Allah ya ƙara masa lafiya, Maman 'Yan Biyu. Gaskiya kika faɗa. Sai dai fim yana cusa wa yaro hoton da bai shirya gani ba, ga sauti, ga duhu. A littafi shi yake zana dodon da kansa, kuma in abin ya yi masa yawa yana iya rufewa. A ajina na sha ganin yaron da ko sakin layi ba ya iya gamawa, ranar da na kawo labari mai ɗan ban tsoro shi ne ya hana a tashi tara.

Jikar Hajiya:
Ina karanta wa Hajiya kakarmu muhawarar nan tun ɗazu, ta ce lallai in rubuta muku nata. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ku gaya wa uwar yarinyar nan, mu da muka yi tatsuniya ba a taɓa yinta yaro yana shi kaɗai ba. Bayan an ci tuwo ake shimfiɗa tabarma, ƙananan a cinya, manyan a gefe. In na zo wurin da Dodo zai fito daga ruwa, ina jin yadda na cinyata ya ƙanƙame ni, sai in sassauta murya in sa waƙa. In na ga ya saki jiki in ƙara wuta. Idona yana kansu. In an gama a ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe, Dodo ya koma inda ya fito. Ita wannan 'yar, wa ya ce mata ƙurunƙus? Takarda ba ta ganin fuskar yaro. Kuma ɗana mai maganar addini bai yi ƙarya ba. Mu ma ana gama tatsuniya muke sa su su yi addu'ar barci, su san wanda ake tsoro na gaskiya."

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Na ji, kuma na karɓi rabin maganar: in uwa tana zaune tana warware wa yarinya wannan al'adarsu ce, wannan kuma ga abin da muka yi imani da shi, to ba daidai yake da a bar ta da tocila ba. Na kuma tuna Abubakar Imam da kansa ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya yi mana Magana Jari Ce, sai dai shi ya tace kafin ya miƙa. A gidana dai ba zan kawo littafin ba, domin na san ba ni da lokacin zaman tacewar, kuma ba zan ɗora wa mahaifiyarsu ba. Wanda yake da lokaci da ilimin yi, ban ce ya yi laifi ba.

Marubuciya:
Yaya, in Allah ya sa na gama wanda nake rubutawa, kai zan fara turo wa ka duba mini. Da gaske nake.

Baban Khalifa:
Ki turo, zan karanta tsakani da Allah.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana uku. Na gode wa kowa. Ga abin da aka yi. Na karance littafin tas ni kaɗai tukuna. Na nuna wa Baban Hanifa wurare biyu da ban gamsu da su ba, inda yarinyar take kiran sunan kakar kakarta da ta rasu tana neman taimakonta. Muka yanke cewa za a ƙarasa, amma a falo, bayan isha'i, ni da ita, ƙaramar kuma sai ta yi barci.

Da muka iso wurin farko na tsaya na tambaye ta, mu wa muke kira in muna cikin tsanani? Ta ba ni amsa tun kafin in rufe baki, har da cewa ai ta sani, Mama, labari ne. Na ce na san kin sani, ina so ne in ji da kunnena. Muka yi maganar mutanen Meziko da teburin hotunansu kamar yadda Injiniya ya ba da labari, na gaya mata mu abin da muke aika wa namu addu'a ce da sadaka.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tambayarta. Da muka rufe babin ƙarshe ta yi shiru, can ta ce, Mama, ita La Yorona duk garin ba wanda ya je ya zauna da ita lokacin da mijin ya tafi? Ban sami abin cewa ba. Sai kuma ta ce in gaya mata sunan kakata da abin da ta iya. Na ce sunanta na gida Iya, kuma duk unguwa ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama. Ta ɗauko littafin rubutunta ta rubuta, ta ce saura na wajen Baba. Mun kai sha biyun dare muna lissafi, har sai da na kira yayata a waya ta cike mana sunaye biyu.

Ƙaramar har yanzu ba ta zuwa bakin rijiya da asuba, ni nake ɗauko mata butar.

Jikar Hajiya, don Allah ki roƙar mana Hajiya ko za ta yarda ki naɗi muryarta tana yin ta Dodon ruwan nan, da waƙar duka. Ni farkon waƙar kawai nake tunawa.

Jikar Hajiya:
Ta ce ba a tatsuniya da rana. Ku saurare mu bayan isha'i.